Karatu a Gida ko Tafiya Wani Gari: Abin da Za a Auna Kafin Rajistar JAMB

Duk shekara idan lokacin rajistar JAMB ya kama, magana ɗaya ce ke tashi a gidaje da yawa: yaro ya ƙallafa ransa a kan Zariya ko Jos ko Ilori, mahaifinsa yana duban aljihu, mahaifiyarsa kuma tana tunanin hanya da wanda zai sa masa ido a can. Abin takaici shi ne, sau da yawa a gaban kwamfutar mai yin rajista ake yanke wannan hukunci cikin 'yan mintoci, alhali kuwa hukunci ne da zai ɗaure iyali shekara huɗu zuwa shida.

A da, tafiya dole ce ga mai neman digiri, domin a Arewa bayan Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, sai a shekarun 1970 aka samu na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Yanzu lamarin ya sauya. A 2011 an buɗe jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, a 2013 aka ƙara na Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, ga kuma na jihohi da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Saboda haka abin tambaya a yau shi ne ko makarantar da ke kusa tana da kwas ɗin da yaron yake so, kuma ko hukuma ta amince da shi.

Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma a ganina ya fi sunan makaranta nauyi. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i kwas-kwas take tantancewa, don haka jami'a tana iya yin suna amma wani sashenta bai samu cikakkiyar amincewa ba. Haka NBTE take yi wa kwalejojin fasaha, NCCE kuma ga kwalejojin ilimi. A fannin likitanci da shari'a akwai ƙarin sharaɗi, domin hukumomin waɗannan sana'o'i suna ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, kuma inda aka ɗebi fiye da ƙima, waɗanda suka gama ne ke shan jira kafin a rantsar da su ko su samu shiga makarantar horon lauyoyi. Idan kwas ɗin babu shi a jiharku, ko yana nan amma ba shi da malamai da ɗakin gwaji, to tafiya ta zama hujja. Idan yana nan da ingancinsa, sai mai son tafiya ya kawo wani dalilin.

Samun gurbin ma yana da alaƙa da kusanci. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Yaron da makinsa yake tsaka-tsaki, idan ya zaɓi jami'ar da jiharsa ba ta cikin yankinta, ya rufe wa kansa babbar ƙofa da hannunsa, kuma da yawa a haka suke asarar shekara guda a zaune.

Sai batun kuɗi, inda aka fi yin kuskure. Iyaye sukan kwatanta kuɗin rajistar wannan makaranta da na waccan su tsaya nan, alhali kuɗin rajista sau ɗaya ake biya a shekara, ci da sha kuwa kullum ne. Ɗalibin da ke nesa yana buƙatar ɗaki, da gas ko risho, da sabulu, da magani idan zazzaɓi ya kama shi, da kuɗin mota zuwa da dawowa aƙalla sau huɗu a shekara, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya a farashinsa na da. Duk wanda ya taɓa zuwa tasha a farkon zangon karatu ya ga yadda ake loda rabin buhun shinkafa, da garin kwaki, da galan ɗin manja, da ƙuli-ƙuli da yaji a cikin robar fenti, uwa tana tsaye tana ta nanata wa direba inda zai sauke kayan. Wannan guzurin ba ya kai ƙarshen zango, kuma daga nan ne waya ke fara zuwa gida. Ɗakunan kwanan makaranta sun fi araha, amma ba sa isa, shi ya sa ake tarar da mutum takwas a ɗakin da aka gina wa huɗu, sauran kuma su kama haya a unguwannin kewaye, inda mai gida yake karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuɗin hayar ɗalibai da yawa ya ƙare ɗakin yana kulle, ɗan gida kuwa lokaci kawai ya rasa. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin makaranta, ya ba su naira 20,000 a wata, ba tare da kuɗin ruwa ba, amma bashi ne da za a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma wannan adadin ya fi yi wa mai cin tuwon gida auki.

Kada kuma a ɗauka zaman gida kyauta ne. Ɗalibin da ke fitowa daga cikin birnin Kano zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo, kullum sai ya biya A Daidaita Sahu sau biyu ko fiye, ga cunkoso, ga laccar ƙarfe takwas. Abin da ya fi wannan ci shi ne lokaci. Na san wata yarinya mai hazaƙa a unguwarmu da take dawowa daga makaranta da la'asar, ta ajiye jaka ta ɗora sanwar dare, ta yi wa ƙanne wanka, sai bayan isha'i take buɗe littafi da fitilar waya, barci ya riga ya ci ƙarfinta. Namiji kuma ana tura shi tsaron shago ko gona a makon jarrabawa. Iyayen da suka zaɓi gida don sauƙin aljihu, wajibi ne su ɗauke wa yaron wasu hidimomin, su bar shi ya zauna a laburare har yamma, in ba haka ba arahar za ta fito a sakamakonsa.

Tafiya tana da amfanin da ba zan raina ba. Yaro yana koyon riƙe kuɗi, da zama da wanda ba yarensu ɗaya ba, Turancinsa yana gogewa saboda dole, kuma abokan da ya yi a can sukan zama hanyar aiki daga baya. Sai dai wannan amfanin yana samuwa ne ga wanda ya riga ya iya tashin kansa sallar asuba ba tare da an buga masa ƙofa ba, kuma iyaye sun fi kowa sanin ko ɗansu ya kai nan.

Tsaro kuwa ba a yi masa garaje. A watan Satumban 2023 'yan bindiga sun kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, galibinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, wajen harabar makarantar. Don haka kafin a tura yaro, musamman 'ya mace, ya kamata wani babba ya je da ƙafarsa ya ga inda za ta kwana, ya ga hanyar, ya kuma nemi ɗan'uwa ko amintacce a garin wanda za a iya kira da tsakar dare.

Masu hangen ƙetare su ma su yi hattara. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa an kwaso ɗalibanmu daga Khartum karatu bai ƙare ba, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida.

Ga gidan da ƙarfinsa bai kai ba a bana, akwai hanya ta uku wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Yaro ya yi difloma ta shekara biyu ko NCE ta shekara uku a garinsu, idan ya fita da sakamako mai kyau ya nemi shiga jami'a kai tsaye zuwa aji biyu ta hannun JAMB. A lokacin ya ƙara hankali, yana riƙe da takardar da zai iya koyarwa ko neman aiki da ita, shekarun da za a ciyar da shi a wani gari kuma sun ragu. Abin lura kawai shi ne a tambayi jami'ar da ake nufi tun kafin a fara diflomar, domin ba kowace difloma take karɓa ba, kuma a riƙa lissafin shekarun yaron, tun da wanda ya haura talatin a ranar kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa.