Okinawa ko Tokyo: ina ɗan karate zai je sansanin horo?

Wanda ya tara kuɗin zuwa horon karate a Japan yakan tsaya tsakanin wurare biyu.

Okinawa, tsibirin da ke kudancin Japan, ita ce mahaifar wasan. A can salon Goju-ryu, Shorin-ryu da Uechi-ryu suka kafu, kuma har yau ɗakunan horo da yawa ƙanana ne, wani ma a jikin gidan malamin yake. Ba a gaggawa. Sai ka shafe safiya guda kana maimaita kata ɗaya, wato jerin motsin da ake haddacewa, irin su Sanchin, malam yana bubbuga maka kafaɗa da cinya don ya ji ko jikin ya ɗaure. Ga naushin makiwara, katakon nan da ake naɗe wa igiya, har gaɓoɓin yatsu su yi kanta. A 2017 aka buɗe cibiyar Karate Kaikan a garin Tomigusuku, inda baƙi ke samun hanyar haɗuwa da malamai. Sai dai daga Yuli zuwa Satumba akwai zafi da gumi, ga guguwar teku da kan hana jirgi tashi.

Tokyo kuwa, Gichin Funakoshi, wani malami ɗan Okinawa, shi ne ya kai mata karate a 1922, kuma a nan hedikwatar JKA take, ƙungiyar salon Shotokan da aka kafa a 1949. Sahu-sahu ake jeruwa, a buɗe ƙafa sosai, ana ƙirga da ƙarfi, a kara da juna cikin sauri. Masauki da tsada.

Mai shirin gasa, Tokyo ta fi masa. Ni da gwiwoyina suka fara ƙara, Naha, babban birnin Okinawa, zan nufa.