Kafintan da ya ƙwato mana falonmu

Sai da aka kulle Kano saboda annobar korona ranar 16 ga Afrilun 2020 na gane baƙi muka shirya wa gidanmu, ba kanmu ba. Kujerun aurena guda huɗu sun cinye falo, ga kabet cike da tangaran da ban taɓa cin tuwo a ciki ba. Azumi ya kama ana tsananin zafi, makarantu a rufe, yara uku na rubutu a kan cinya, Baban Ummi kuma ya mayar da gadonmu ofis. Baƙon da ake wa tanadin kuwa ko sallamarsa ba mu ji ba.

Da aka buɗe gari, ƙanina ya haɗa ni da wani kafinta a 'Yan Katako na Na'ibawa. Abin da ya fara burge ni, bai zaro waya ya nuna min hotunan gidajen Dubai ba. Zama ya yi a tabarma yana tambaya: ina yara ke karatu, ina ake sallah, ta ina iska ke shigowa. Sannan ya ce, "Hajiya, kujera biyu ta ishe ku." Raina ya sosu, don Innata ce ta saya min su, amma gaskiya ya faɗa.

Ya yi mana teburin da ke manne da bango. In an gama karatu sai a naɗe shi sama, a shimfiɗa darduma a gurbinsa. Ya kafa kanta har kusa da silin, littattafan boko da na Islamiyya suka bar bayan kujera. A tsakar gida ya ɗaga rumfar katako, ya sa zana a ƙarƙashin kwanon saboda zafi. Yanzu can muke shan ruwa da azumi.

Alƙawari ne dai ba shi da shi. Ya karɓi kafin alƙalami ya ce sati biyu, sai da muka shafe biyar, kullum "gobe in sha Allahu". Durowa ɗaya kuma da damina takan kumbura, sai an yi kokawa da ita. Duk da haka na ba maƙwabciyata lambarsa, na ce kada ta biya fiye da rabi sai ta ga kaya a ƙofar gidanta.

Tangaran ɗin suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, Inna ba ta sani ba tukuna.