Wasiƙa daga Manchesta: Na'urar Ƙwaƙwalwa da Bakin Baba

Assalamu alaikum Yaya. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Na ga hoton na'urar da ka turo, wadda aka ce ana ɗora wa mai shanyewar ɓarin jiki a ka magana ta dawo, ka ce in saya ko nawa ne. Ka dakata tukuna, Yaya. Aikina a nan Ingila kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma da yawansu irin ciwon Baba ne ya kwantar da su, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Na'urar gaskiya ce, ana kiranta tDCS. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri a manna a fatar kai, a saki lantarki ɗan kaɗan, miliamfa 1 zuwa 2, na kamar minti 20. Mutum ɗan ƙaiƙayi kawai yake ji. Akwai wata kuma, rTMS, mai aiki da maganaɗisu, ita babba ce, sai a asibiti. Amma har a nan ba a raba su ga kowa a asibitocin gwamnati na NHS. Galibi a wuraren bincike ake gwada su, kuma sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba, wasu sun ga ci gaba wajen tuno sunayen abubuwa, wasu ba su ga komai ba. Ko a binciken ma, tare da darasin magana ake kunna na'urar. Ita shirya ƙwaƙwalwa take yi don ta karɓi darasi, kamar yayyafi kafin shuka, in babu iri babu abin da zai tsiro. Ga shi dole likita ya san inda ciwon ya taɓa kafin a san inda za a manna soson, kuma mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a ka sai an tantance shi.

Inda mutanen nan Ingila suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne sauri. An koya wa kowa alamu: baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, to a kira 999, lambar agajin gaggawa, nan take. In gudan jini ne ya toshe jijiya, akwai allurar da ke narkar da shi, amma cikin awa huɗu da rabi ake yinta, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Mu kuwa a gida sau da yawa sai a ce iska ce ta taɓa mutum, a kwana ana hayaƙi, alhali hawan jini ne ya yi ɓarnar. Wannan yana ci mini rai.

Sai ma'aikacin koyar da magana. Shi ne ke fara duba ko mara lafiya na iya haɗiya ba tare da ya ƙware ba, sannan ya shiga gyaran harshe. Ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a nan, ta fitar a 2023 ta ce a ba mai bukata aƙalla awa 3 na atisaye a rana, kwana 5 a mako, haɗe da gashi da motsa jiki. A takarda ke nan. Bayan sallama akwai layi mai tsawo, wasu watanni suke jira, na kuɗi kuma tsadarsa sai mai hali. A Kano akwai masu gashi a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dala, amma masu koyar da magana sun yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, ka tambaya dai a can.

Na zauna na ga yadda ake darasin da wata tsohuwa da nake kula da ita. Malamar ta ajiye kofi a tebur ta ce, mene ne wannan? Tsohuwar ta buɗe baki, kalma ta ƙi fita, hawaye ya taru. Malamar ba ta faɗa mata ba. Ta yi kamar tana kurɓa, ta ce da shi ake shan shayi, ta furta harafin farko kaɗai, ta yi shiru ta jira. Da kalmar ta fito, suka maimaita ta har sau goma. Babu waya, babu lantarki.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna samun matsalar magana, musamman in ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya taɓu, shi ya sa yake zuwa tare da mutuwar hannun dama kamar na Baba. Hankalinsa yana nan, Yaya. Don Allah a daina maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin, kuma kada a riƙa ƙarasa masa zance. Abin da mutum ya haddace yakan fi saurin fita, don haka ku fara da Fatiha, da ƙirge, da ranakun mako, sannan buta, carbi, hula, sunayen jikoki. A kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, gajerun jimloli. A nan tsofaffi da yawa su kaɗai suke wuni. Gidanmu kuwa cike yake da masu zama da shi, kuma da Hausa za su yi masa, abin da malaman nan ba za su iya ba sai da tafinta.

Kuɗin na'urar zan turo a saya masa abin awon jini na hannu da maganin wata uku, sauran a biya mai gashi. Ka sa yaran su ɗauki hotunan kayan ɗakinsa da na 'yan gida a wanke su manya, a rubuta suna a ƙarƙashin kowanne. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku zan kira ta bidiyo in nuna wa Inna yadda ake yi. Ka gaishe min da ita da kowa da kowa.

Ƙanwarka.