Bakan gizo ko rufin Misira, wanne ya fi dacewa da zaure a Tawa?

Alhaji, ka ce zauren baƙin naka zai kai metir 5 a faɗi. To, faɗin nan kaɗai ya kusa yanke hukunci.

Rufin Misira, wanda magina ke kira gini marar icce, tsohon abu ne ƙwarai. Rumbunan hatsin Fir'auna Ramsis na biyu a Luksor da shi aka rufe su, sun haura shekara 3000 kuma wasu na tsaye har yau. Hasan Fathi, masanin gine-gine ɗan Misira, shi ne ya farfaɗo da shi a shekarun 1940, ya ɗauko magina daga Aswan, mu kuma ya iso mana Nijar wajen 1980. Siraran tubala ake jerawa a karkace, layin farko ya jingina da bangon ƙarshe, na biyu ya jingina da na farko, ba katako ba ƙarfe. Yana da sanyi, gara ba ta da abin ci a ciki. Amma faɗinsa bai cika wuce metir 3 da ɗan abu ba, bangon gefe kuma sai ya kai santimetir 60 don rufin tura shi yake waje. Ɗaki ya fito dogo siriri kamar lungu. Ɗakin kwana ko na ajiya, ba laifi.

Bakan gizo kuwa ai don zaure aka ƙirƙire shi. Azara ita kaɗai ba ta tsallake metir 2 ba tare da ta lanƙwasa ba, shi ne maginan Hausa suka yi dabara: a dasa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan ƙara leƙowa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ya bushe sarai kafin a ƙara hawa na gaba. Daga bango huɗu bakunan ke tasowa su gamu a tsakiya, inda tsofaffi ke manna tasa ko faranti mai sheƙi. Ka zauna kan tabarma da azahar cikin watan Afrilu, ka ɗaga kai, hasken ƙofa na bin gefen kowane baka, iska mai zafi ta tattara can ƙololuwa ta bar ka. Da wannan fasaha Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'ar Zariya a shekarun 1830. Ba ma sai ka yi nisa ba: je ka garin Yama nan jihar Tawa ka ga masallacin da magini Falke Barmu ya fara a 1962, wanda ya samu kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ka shiga ciki, kar ka tsaya kallon hasumiya daga waje.

Inda ake asara shi ne gaggawa. Magini ya ɗora hawa na biyu kan ɗanyen na farko, baka ya zauna, bayan damina guda tsaga ta bayyana. A fara aiki bayan kaka, a gama kafin watan Mayu. Tushe a sa dutse, ƙasar Adar, yankin Tawa, ba ta rasa shi ba. Indararo ya leƙo aƙalla rabin metir, kuma a duba shi duk shekara kafin ruwan farko. Kar wani ya ruɗe ka da yaɓen siminti kan bangon ƙasa, ruwa zai shiga bayansa ya maƙale, wata rana ya ɓallo kamar ɓawon gyambo. Ƙasa da makuba ake yi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu azara. Ta gaske daga gindin namijin giginya take, baƙa, mai nauyi, ƙusa da ƙyar take shiga. Yanzu ta yi wuya, yawanci daga wajen Gaya ta jihar Dosso take zuwa, kuma sarar giginya sai da izini. Wasu sai su tsaga goriba ko lallausan cikin giginyar, su shafe da baƙin man mota, su ce maka ta Gaya ce. Kankare da wuƙa. In ciki fari ne, abincin gara ne, bar musu kayansu. Ka tafi da maginin da kansa ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya, kar ka aiki yaro.

Zaure dai yi bakan gizo, Alhaji. Magini ya fara kai ka zauren da ya rufe wanda ya sha damina biyar kafin ka ba shi ko dala.