EasyCap: yana juyar da tsohon kaset zuwa kwamfuta, amma sai ka san halinsa

Girmansa bai wuce filashi biyu ba. Gefe ɗaya bakin USB ne, ɗaya gefen wayoyi huɗu: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti, sai baƙa mai ramuka huɗu ta S-Video. Aikinsa shi ne ya karɓi hoto daga tsohuwar na'urar bidiyo ta VHS ya miƙa wa kwamfuta, domin kaset ɗin biki, suna ko saukar karatu da ke jibge a kwali kada funfuna ta gama da su. Yana da araha, yana kuma yin aikin. Matsalarsa ita ce ba ka san abin da ka saya ba sai ka jona.

EasyCap ba kamfani ɗaya ke ƙera shi ba. Kwali iri ɗaya, roba iri ɗaya, amma aisin (IC, wato ƙwaƙwalwar na'urar) da ke ciki daban: akwai Syntek STK1160, Empia EM2860, Somagic, UTV007 da MacroSilicon. Shi ya sa faifan direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar) da ke cikin kwalin sau da yawa bai dace da abin da ke hannunka ba. Buɗe Device Manager a Windows, ka duba Hardware Ids na na'urar. In ka ga 1B71 da 3002, UTV007 ne. 05E1 da 0408 na Syntek ne, 534D kuwa MacroSilicon. Da wannan lambar ake neman direba, ba da sunan da ke jikin kwali ba. Na MacroSilicon ba ya buƙatar direba, Windows na ɗaukarsa kamar kyamara, sai dai shi da kansa yake matse hoton kafin ya iso, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Wasu masu arahar Syntek kuma sautinsu 8 kHz ne kacal, kamar mai magana daga cikin rijiya. Maganin wannan, a kai wayar ja da fara kai tsaye ramin shigar sauti na kwamfutar, in tana da shi.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne hoto baƙi da fari, ko ya riƙa birgima. Galibi ba laifin na'urar ba ne. Manhaja kan zo a saite kan tsarin talabijin na NTSC na Amurka, 720x480, alhali kaset ɗin Najeriya PAL ne, 720x576, hoto 25 a daƙiƙa. A cikin OBS Studio, manhajar da ake ɗaukar hoton da ita, shiga Configure Video ka mayar da shi PAL. Kaset ɗin da aka naɗa daga talabijin ɗin Nijar a wancan zamani SECAM ne, ba zai fito da launi ba sai da bidiyo mai karanta tsari fiye da ɗaya. Kaset ɗin da aka aiko daga Amurka, in aka sa a bidiyon PAL, yakan fito da wani ruwa-biyu da ake kira PAL-60, kuma ba kowane EasyCap ke gane shi ba.

Sai zane-zane kamar haƙoran matsefi a gefen duk abin da ke motsi. VHS na raba kowane hoto gida biyu, layi-layi, rabi 50 a daƙiƙa. Danna dama a kan hoton a OBS, zaɓi Yadif 2x, ka sa ɗaukar ta zama 50 a daƙiƙa. In motsi ya koma karkarwa gaba da baya, jerin layin ne ya juye, canza tsakanin Top Field First da Bottom. A kuma bar siffar allo 4:3. In an buɗe ta zuwa 16:9, amarya da ƙawayenta duk sai su yi faɗi.

Inda EasyCap ya fi gazawa shi ne sauti da ke barin baki. Farkon kaset lafiya lau, bayan awa ɗaya maroƙi ya rufe baki amma murya na ci gaba. Tsohon kaset ba ya tafiya da gudu ɗaya, EasyCap kuma ba shi da abin daidaita lokaci da ake kira TBC, don haka duk inda zaren ya yamutse sai ya zubar da hotuna, sauti ya wuce. Saita sauti kan 48 kHz a Windows da OBS duka yana rage abin, haka ɗauka kashi-kashi na rabin awa. Masu yin wannan sana'a kan ratsa siginar ta cikin na'urar naɗar DVD ta Panasonic DMR-ES10 ko ES15 kafin ta shiga kwamfuta, sai layukan da ke karkacewa su miƙe. Mai shirin karɓar kuɗin mutane kada ya dogara da EasyCap shi kaɗai.

Hoton da ba a matse ba yana cin kusan megabayit 21 a daƙiƙa, wajen gigabayit 75 a awa, kaset ɗin E-180 ɗaya, mai awa uku, ya haura 220. Saboda haka a jona EasyCap jikin kwamfuta kai tsaye, ban da reshen USB da ake rabawa da wasu kaya. Filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura gigabayit 4. Don matse hoton a OBS, saitin x264 da CRF 18 ya wadatar. In ya rubuta Encoding overloaded, mayar da saitin gudun x264 zuwa veryfast, ka jona caja, domin laftof na rage gudu a kan batir. Idan cajar ta kawo gunji a sauti, gwada sa bidiyon da kwamfutar a soket ɗaya.

A ɗauka da tsarin fayil na MKV. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar MP4 na gargajiya, fayil ɗin gaba ɗaya ya tashi aiki, MKV kuwa yana riƙe abin da ya samu. Daga baya Remux Recordings zai mayar da shi MP4 cikin ɗan lokaci, ba tare da taɓa ingancin hoton ba. Kaset ɗin da ka hango farin gari a zarensa, kada ka sa shi kafin a goge, zai toshe kan bidiyon ya ɓata na bayansa.