Safiya ɗaya da dattijon mahayin igiyar ruwa a Waikiki

Wani taro ne ya kai ni Honolulu, babban birnin tsibiran Hawai na Amurka. Da ya rage saura kwana biyu in taso, sai na biya kuɗin wani shiri da na gani a intanet: a zaga da kai bakin tekun Waikiki ana ba ka tarihin hawan igiyar ruwa, daga ƙarshe a shiga ruwa da kai a koya maka. Awa uku suka rubuta. Dalolin da suka nema ba kaɗan ba ne, sai da na yi jim kafin na biya.

Mu shida ne, aka ce mu haɗu ƙarfe bakwai na safe a gaban mutum-mutumin Duke Kahanamoku, shahararren ɗan ninƙaya kuma mahayin igiyar ruwa na Hawai, da ke gaɓar Kuhio. A can muka tarar da jagoranmu, dattijo ɗan asalin tsibirin wanda ya haura saba'in, kai duk furfura, amma kafaɗunsa har yanzu cike suke. Duk wanda ya gifta sai ya gaishe shi da kawu, domin haka suke kiran dattawa a can, mu ma muka bi sahu. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne wasu ƙulluwa masu tauri a ƙasan gwiwoyinsa da bayan ƙafafunsa. Da ya ga ina kallo, sai ya ce shekarun da ya yi yana durƙuso a kan allon hawan igiyar ruwa yana tuƙi da hannu ne suka bar masa su.

Bai fara da komai ba sai da ƙorafi a kan mutum-mutumin. An kafa shi a 1990, shekarar da Duke zai cika ɗari da haihuwa, ga shi ya buɗe hannuwa an rataya masa sarƙoƙin furanni, amma fuskarsa na kallon titi, bayansa na wajen teku. Kawu ya ce darasin farko da ake koya wa yaro a nan shi ne kada ya taɓa juya wa teku baya, to ta yaya za a tsayar da Duke a haka? Daga nan ya shiga labarinsa. Duke sunansa ne na yanka, ba sarautar Turawa mai wannan suna ba. A 1911 ya karya tarihin ninƙayar yadi 100 a tashar jiragen ruwan Honolulu da tazarar fiye da daƙiƙa huɗu, jami'an wasanni na Amurka suka ƙi yarda. Shekara ta zagayo ya je gasar Olamfik ta 1912 a Stokholm ya ci zinare, ya sake ci a 1920. Ya je Sidni ta Ostireliya a ƙarshen 1914, ya sassaƙa allo a can, ya hau igiya a gaɓar Freshwater jama'a na kallo. A 1925 kuma, da wani kwale-kwalen masunta ya kife a gaɓar Kalifoniya, da allonsa ya tsamo mutum takwas.

Duk wannan ana iya karanta shi a ko'ina. Inda kuɗina ya fara fita shi ne lokacin da ya zaunar da mu a kan yashi ya koma baya, kafin zuwan Turawa. A harshen mutanen Hawai he'e nalu ake ce wa wasan, wato zamiya a kan igiya, kuma maza da mata, sarakuna da talakawa, duk suna yi. Sai dai allo ma yana da daraja. Dogon nan mai kauri da ake kira olo na sarakuna ne, alaia kuwa siriri ne, gajere, shi jama'a suka fi hawa, sau da yawa daga itacen koa. Ya ce mu je gidan tarihi na Bishop mu ga tsofaffin da idonmu.

Sai muryarsa ta sauya. Ana yawan cewa 'yan mishan da suka iso a 1820 ne suka kashe wasan saboda sun tsani tsiraici da caca da ke tattare da shi. Kawu bai musa ba, amma ya ce a ƙara da babban dalili: mutanen ne suka mutu. Bayan zuwan Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, a 1778, cututtukan da jiragen ruwa suka kawo sun rage al'ummar da ta kai dubban ɗaruruwa zuwa kusan 40,000 a ƙarshen ƙarni na 19, sannan aka kifar da masarautarsu a 1893. Duk da haka bai yarda a ce wasan ya mutu Turawa suka farfaɗo da shi ba. Hujjarsa ita ce a 1885 wasu 'ya'yan sarauta uku na Hawai da ke karatu a Kalifoniya sun hau igiya a Santa Cruz, kuma ɗayansu shi ne Yarima Kuhio wanda gaɓar da muke zaune ke ɗauke da sunansa. Na zo ina ɗaukar abin nan a matsayin nishaɗin 'yan yawon buɗe ido, sai ga shi ina zaune gaban mutumin da yake maganarsa kamar gadon gidansu. Gaskiya abin ya taɓa ni.

Hatta ƙasar da otal-otal ɗin suke kai ya ba mu labarinta. Ma'anar Waikiki ruwa mai ɓulɓulowa, domin da fadama ce mai ƙoramu da gonaki da tafkunan kifi, har aka haƙa magudanar Ala Wai a shekarun 1920 aka tsane ta.

Kafin mu taɓa ruwa ya sa mu zauna shiru kusan minti goma muna kallo. Igiyoyi jeri-jeri suke zuwa, sai a sami ɗan sukuni, sai wani jerin ya biyo. Ya nuna mana wurin da ake kira Canoes, inda masu koyo ke taruwa, da Queens a gefensa, inda gwanaye suke. Igiyar wannan gaɓa mai laushi ce saboda ƙasan tekun a hankali yake tasowa. A watannin zafi ne take samun ƙarfi, daga guguwar da ke tashi can kudancin duniya, manyan igiyoyin hunturu kuwa arewacin tsibirin suke buga. Ya goga kaki a kan allona da kansa, ya ɗaura mini igiyar riƙe allon a idon sawu, ya ce in zan faɗi in faɗi a kwance, kada in dira da ƙafa, akwai duwatsun murjani a ƙasa. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa kuma shi ke da hanya, ba a shiga gabansa.

Sau huɗu na faɗi. A na biyar ya turo allon daga baya, ya ɗaga murya ya ce, "Tashi! Dubi gaba, kada ka dubi ƙafarka." Na miƙe, allon ya daina rawa, na ji ruwa ya ɗauke ni yana tafiya da ni wajen gaɓa, dutsen Diamond Head na hannun damana. Bai kai rabin minti ba, amma har yau ina jin wannan zamiyar a tafin ƙafata.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma daga masu shirin ne, ba daga kawu ba. Mun yi wa jagora ɗaya yawa a cikin ruwa, rabin lokacin jiran layi muka yi. Ba su bayyana a shafinsu cewa dole ka iya iyo ba, wata baiwar Allah a cikinmu sai a gaɓa ta tsaya, kuma ba a mayar mata da ko sisi ba. Muna fitowa kuma wani matashi ya tare mu da tallar hotunanmu a farashin da ya wuce ƙima.

Wanda burinsa ya ƙware a hawa kawai, ya nemi darasi na mutum ɗaya. Wanda yake son sanin inda abin ya samo asali, wannan shirin ya cancanci kuɗinsa, amma ya tambaya tun kafin ya biya ko dattijon ne zai jagoranta, kuma ya zaɓi na safe, kafin iska ta tashi ruwa ya cika da mutane. Da muka yi sallama kawu bai nufi gida ba. Allonsa ya ɗauka, dogo mai nauyi, ya durƙusa a kai ya tuƙa zuwa Queens, matasan da ke can suka matsa masa.