Zanzibar da jaka a baya: tsibirin ya yi, masaukin Paje ne ya ɓata min rai

Duk wanda ya ce maka Zanzibar sai mai kuɗi, bai hau dala-dala, wato motar hayar talakawan can, ba. Ta jirgin ruwa na shigo daga Darussalam, tafiyar wajen awa 2. A tashar jirgin sai an sake duba fasfo da katin rigakafin shawara ko da daga cikin Tanzaniya ka taso, ga kuma inshorar dole ta dala 44 da aka ɗora wa baƙi tun Oktoba 2024. Na biya ina ƙunƙuni, amma da na faɗa lungunan Stone Town, tsohon garin Zanzibar, sai na manta da ita.

Garin ya shiga raina. Ƙofofin katako masu sassaƙa, kiran sallah ta ko'ina, dattawa a kan dakali suna shan gahawa. A dandalin Forodhani da ke bakin teku bayan magariba na sha urojo, wata miya mai tsami da dankali a ciki, na kora da ruwan rake mai citta. A Mkunazini kuwa jikina ya yi sanyi, wato inda aka gina coci a kan tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873.

Dala-dalar da na hau daga unguwar Mwanakwerekwe zuwa Paje, wani ƙauye a gaɓar gabashin tsibirin, irin mai buɗaɗɗen baya ce, benci biyu suna fuskantar juna, kamar a-kori-kura ranar kasuwa. Abin da na biya ko kusa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da masu tasi suka yanka min ba. Wata baiwar Allah ta miƙo min jaririnta na riƙe har ta gyara zama, kwandasta ya ɗaure jakata a sama, muka ratsa dajin Jozani inda jajayen birai suke tsalle a bakin titi. Har lokacin, da an ce in ba tafiyar maki, cikakke zan ba ta.

Sai masauki.

Tun ina gida na kama ɗakin ta intanet, na biya kuɗinsa duka. A hoto akwai taga mai kallon teku, da fanka, da gidan sauro fari tas. Na iso da la'asar a gajiye, yaron da ke gaban tebur ya duba littafi ya ce ɗakin an ba wa wasu Turawa masu wasan lilo da iska a teku, wai su mako biyu za su yi. Na nuna masa rasit, ya ce manaja yana gari, sai gobe. Ya kai ni wani ɗaki a bayan kicin, jikin injin janareta. Gidan sauron a yage, fanka ba ta juyawa, famfo sai huci. Na roƙi ruwan alwala, aka kawo min rabin bokiti mai gishiri-gishiri. Wallahi daren nan ban runtsa ba, ga zafi, ga sauro, ga hayaƙin inji yana shigowa ta ƙasan ƙofa.

Da safe manajan ya zo da fara'arsa. Na ɗauka haƙuri zai ba ni, ashe ƙari zai nema. Wai in ina son ɗaki mai kallon teku in cika kuɗi, kuma da dala, in shilin zan bayar to da canjin da shi ya ga dama. Ɗakin da na riga na biya fa! Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ya tashi tsaye ya tari wasu baƙi fararen fata da lemon kwakwa a hannu, ni ya bar ni tsaye da rasit. Sallamar da muka yi wa juna ta Musulunci ba ta hana shi ba.

Na saɓi jakata na bi bakin ruwa zuwa Jambiani. A gabashin tsibirin in ruwa ya janye yakan yi nisa ƙwarai, sai ka ga mata can ciki suna ɗaure ciyawar teku da suke nomawa a jikin igiyoyi. Wani dattijo da muka yi azahar tare ya haɗa ni da gidan ƙanwarsa, ɗaki mai tsabta, da shayi da chapati da safe, a rabin kuɗin wancan.

To, Zanzibar zan koma in Allah Ya yarda, don ban kai Nungwi ba, ban ga gonakin kanumfari ba. Amma Paje ta fita raina, kuma ba na ba kowa shawarar ya biya kuɗin ɗaki kafin ya gan shi da idonsa, ya murɗa famfo, ya kunna fanka. Kuɗina har yau ba a mayar min ba, saƙonnina ma manajan ya daina amsawa.